Kular Dubu Hamsin

Shekara goma sha huɗu ke nan Malama Magdalene Didam tana yi wa zumuntar matan cocinsu sayayyar kayan amare, kuma a tsawon shekarun nan ba a taɓa samun wadda ta ce ga cokali ɗaya da ya yi ɓatan dabo ba. Al'adar zumuntar ce, duk yarinyar ikilisiya da za ta yi aure a watan Kirsimeti, ranar bikin sallamarta mata za su shigo da rawa ɗauke da babbar kular abinci, da jerin tukwane, da filas. A Kafanchan kuwa Disamba watan aure ne, don haka aikin ba na wasa ba ne. Bana amare bakwai suka yi layi.

Malama tsohuwar shugabar makarantar firamare ce. Ta yi ritaya, amma idon nan na malamai bai yi ba: in ta kalli mutum ta saman tabarau, ko yana da jikoki sai ya gyara tsayuwa. Rabin matan zumuntar ita ta koya musu karatu, sauran rabin ta koya wa 'ya'yansu. Ba ta da mota, ba ta da gidan haya, fanshon ma sai ya ga dama yake zuwa. Abin da ta mallaka a garin nan sunanta ne, kuma tana ji da shi ƙwarai.

Ana nan sai aka buɗe wani katafaren kanti a hanyar Kagoro, reshen wani kamfani mai rassa a manyan birane. Gabansa duk gilashi ne, shi ya sa mutane ba su wahalar da bakinsu da sunan Turancin da ke jikin allo ba, suka raɗa masa Kantin Gilashi. Da yawa sukan shiga ne su sha sanyi, su ɗauki hoto, su fito da biskit ɗaya. Malama ma ta shiga sau ɗaya a watan Oktoba. Ta zaga da hannuwa a baya kamar mai gadin jarrabawa, ta karanta kuɗin komai, ta fito ba ta sayi ko ashana ba.

Ranar ɗaya ga Disamba aka wayi gari an rataya jan ƙyalle tun daga rufin kantin har ƙasa, an rubuta RAGIN KIRSIMETI, KOMAI RABIN KUƊI. Wata mota mai lasifika ta yini tana zaga gari, ba ta bar mai barci ya runtsa ba. Kafin Alhamis, ranar taron zumunta, babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

A taron, Malama ta tashi kamar kullum ta ce ta riga ta yi magana da Madam Nkiru ta kasuwa, za ta ba su kula a kan dubu ashirin da uku. Ba ta koma kujera ba Jacinta ta ɗaga hannu. Jacinta ce sakatariyar zumunta, ma'aikaciyar ƙaramar hukuma, yarinya mai kaifin kai da saurin baki, kuma Malama ce ta koya mata riƙe fensir. Ta ɗaga wayarta sama ta nuna hoton wata shuɗiyar kula mai farin murfi. A Kantin Gilashi, in ji ta, kular nan dubu hamsin ce, amma yanzu an mayar da ita ashirin da biyar. Me zai sa a sayi kular dubu ashirin da uku a kasuwa, alhali da ƙarin dubu biyu kawai amarensu za su shiga gidan miji da kular dubu hamsin?

Lissafin ya yi wa mata daɗi. Aka fara gyaɗa kai.

Malama ta ce musu kular ɗaya ce, kamfani ɗaya, girma ɗaya, da ta Nkiru da ta kantin. Ta ce da idonta ta gan ta a Kantin Gilashi a watan Oktoba a kan dubu ashirin da biyu, don haka ba ragi aka yi musu ba, ƙari ne aka ɗaura wa jan ƙyalle. Jacinta ta yi ta shafa waya tana neman tsohon tallan kantin, ba ta ga komai ba sai na Kirsimeti. Daga nan ta yi 'yar dariya, irin wadda mutum ke yi idan ya ga jama'a na bayansa.

"Mama, kar ki ji haushi fa," in ji ta. "Amma shekara sha huɗu, shago ɗaya, mutum ɗaya? Ko dai akwai abin da Madam Nkiru yake saka miki a jaka ne?"

Coci ta yi tsit. Abin da ya fi yi wa Malama ciwo ba maganar ba ce, shirun ne. Mata sittin da uku suna zaune, babu wadda ta ce kai, Jacinta, wannan ba magana ba ce. Wasu suka sunkuyar da kai, wasu suka shiga gyara ɗankwali. Aka ɗaga hannu, aka yanke cewa bana Jacinta ce za ta jagoranci sayayya, kuma Alhamis mai zuwa da an tashi daga taro za su ɗunguma gaba ɗaya zuwa Kantin Gilashi.

Washegari Malama ta hau keke napep ta tafi kantin da kanta, don har ta fara shakkar idonta. Ga kular nan a jere, an soke dubu hamsin da jan layi. Ta juya ta, ta duba tambarin da ke gindi, ita ce dai. Ta nemi manaja, aka kira mata Mista Wilfred, wani matashi mai ƙamshin turare da aka turo daga babban ofis. Ya saurare ta da ladabi har da ɗan rusunawa, sannan ya ce kayansu duk na'ura ce ke sa musu kuɗi, kular nan ba ta taɓa sauka ƙasa da hamsin ba sai yanzu. Ya ƙara da cewa a shekaru irin nata mutum yakan haɗa lambobi, shi ma kakarsa haka take. Ya sa aka kawo mata ruwan sanyi kyauta. Ta bar masa ruwansa a kan tebur.

Magana kuwa ta riga ta yi ƙafa. Nkiru, wadda aka haifa a kwatas ɗin reluwe, ubanta tsohon direban jirgin ƙasa, ta rufe shago ta zo har gida tana huci. Ta rantse za ta je cocin da kanta ta gaya musu cewa a duk kwastomominta babu mai tatse ta irin Malama, wadda sai ta sa an rage har ribar ta koma kuɗin mota. Malama ta hana ta, don in Nkiru ta buɗe baki, cewa za a yi sun haɗa baki. Ranar Asabar 'yarta Edna ta bugo waya daga Zonkwa tana kuka, wai a cikin bas ta ji wasu mata biyu suna hirar tsohuwar malamar da aka kama tana cin la'ada. Ranar Lahadi a sujada, matar da ke zaune kusa da ita ta ɗauke jakarta daga tsakaninsu ta mayar ɗaya gefen. Wataƙila ba da wata manufa ta yi ba. Malama dai ta gani, kuma ba ta ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ranar ba.

Ta yi baƙin ciki irin wanda ba ta yi ba tun rasuwar mijinta. Tana da gaskiya, ta san tana da ita, amma gaskiyar tana cikin kanta ne kawai, kuma an riga an ce kan ya tsufa.

Ranar Talata da safe ko hura wuta ta kasa. Ta ɗauki gyale ta taka zuwa wajen Zipora mai ƙosai, can kusa da mashigar tashar jirgin ƙasa, inda Zipora ta fi shekara ashirin tana suya. Zipora ta zuba mata na ɗari biyar har da gyara, tana ta mitar takardar da take ƙunshi da ita. Wai takardan nan mai santsi ne, ba ya shan mai ko kaɗan, sai dai da yake kyauta ne mutum ba zai yi surutu da yawa ba.

Malama tana da wata ɗabi'a tun tana aji: ba ta yar da takarda sai ta karanta. Ko a hanya ta tsinci guntun jarida sai ta ga abin da ke ciki. Da ta gama cin ƙosanta a gida, ta shimfiɗa takardar a tebur ta goge barkonon da yatsa. Takardar talla ce mai launi, cike da hotunan kaya. A tsakiya, mai ya ɗan jiƙa ta amma ba ta ɓaci ba, ga shuɗiyar kula mai farin murfi, a ƙarƙashinta an buga dubu ashirin da biyu. A sama ga sunan Kantin Gilashi. A can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an rubuta cewa farashin na aiki daga ɗaya zuwa talatin da ɗaya ga Oktoba, har da shekara.

Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta sake karantawa. Sannan tsohuwar da gwiwa ke damu ta koma tasha da sauri har masu babur suna tambayar ko lafiya.

A ƙarƙashin teburin Zipora kwali uku ne, biyu ba a ma buɗe ba. Zipora ta ce ai shi ogan kantin ne ya kawo mata da kansa a bayan mota, ana saura kwana biyu a rataya jan ƙyalle. Kullum da safe yakan tsaya ya sayi ƙosai ta tagar mota. An ce masa daga sama ya kawar da tsofaffin takardun talla kafin ragi ya fara, shi kuma ya ga in ya ba masu kwasar shara sai ya biya, in ya ba mai ƙosai har godiya zai samu. Kuma da yake shi ɗan gayu ne, ba ya cin abu a takarda, da robarsa mai murfi yake zuwa, shi ya sa bai taɓa ganin inda kyautarsa take ƙarewa ba.

Nan Mista Wilfred ya yi kuskure, kuskuren wanda bai san garin ba. A inda ya fito, in aka jefar da takarda ta tafi ke nan. A Kafanchan takarda ba ta mutuwa da wuri. Takardar jarrabawa takan koma ƙunshin gyaɗa, jarida ta koma na tsire, tsohuwar kalanda ta zama bangon littafin yaro. Kamfanin ya goge tsohon farashinsa daga waya tas, shi kuma manajansu ya ɗauko shi ya miƙa wa matar da rabin gari ke karyawa a hannunta. Sati biyu ana cin ƙosai a kan shaidar, ba wanda ya tsaya ya duba.

Malama ta ba Zipora odar ƙunshi sittin da biyar na ranar Alhamis da yamma, da sharaɗi ɗaya: kowane ƙunshi a yi shi da cikakkiyar takarda, kada a yaga.

Ranar Alhamis mata suka cika coci cikin ankon zumunta, da tulunan kiɗa da caki, ana ta murnar tafiya. Da yawa ba su zaci Malama za ta zo ba. Ta zo, ta zauna a kujerarta ta gaba, aka yi addu'a da waƙa da ita. Da aka kusa tashi ta nemi izinin shugaba, ta ce ba kyau a je sayayya da yunwa, ta kawo ɗan abin taɓawa. Zipora ta shigo da daro a kai. Wasu suka karɓa da kunya, wasu suka raɗa wa juna cewa toshiyar baki ce, amma ba wadda ta mayar da nata, don ƙosan Zipora ba a yi masa fulako.

Ta bari sai da suka suɗe yatsu. Sannan ta miƙe, ta tafa sau biyu, irin tafin da ke tsayar da aji.

"Kada kowa ta yar da takardarta. Ku shimfiɗa a cinya." Mata sittin da uku, har da masu furfura, suka shimfiɗa ba musu. "Jacinta, tashi ki karanta mana abin da ke ƙarƙashin shuɗiyar kula."

Jacinta ta miƙe tana murmushi, ta duba, murmushin ya tafi. "Dubu ashirin da biyu," ta ce a hankali.

"Na baya ba su ji ba."

Ta maimaita da ƙarfi. Malama ta sa ta karanta sunan kanti, ta karanta wata, ta karanta shekara. Kafin ta kai ƙarshe coci ta kaure, don kowa ta gano nata a takardar. Wata ta sayi dutsen guga shekaranjiya tana murnar ta ci riba, ga shi nan a Oktoba ya fi araha da dubu uku. Wata ta sayi filas, wata buhun shinkafa. Masu zafin kai suka fara ɗaura gyale a ƙugu, wai yau gilashin nan sai ya zama gari. Malama ta kalle su ta saman tabarau har suka kwance. Ta ce za a tafi kamar yadda aka shirya, amma layi biyu, ba zagi, ba a taɓa kayan kowa, kuma kowa ta riƙe takardarta.

Haka suka ratsa gari suna waƙar zumunta, tulu na amsawa, masu shaguna na leƙowa. Mista Wilfred ya hango su ta gilashi, ya ga kasuwa ta zo masa da ƙafarta, ya fito har bakin ƙofa yana tafi yana marhabin da iyaye mata. Ya sa aka jero musu kekunan zuba kaya.

Ba wadda ta taɓa keke. Malama ta rarraba su kamar masu share filin makaranta, kowa ta je ta tsaya gaban kayan da ke cikin takardarta. Daga nan aka fara karatu, ɗaya bayan ɗaya, da murya sama: tukwane, a Oktoba kaza, yau an soke kaza an ce kaza. Filas haka. Injin markaɗe haka. Babu ko ɗaya da aka taɓa sayarwa a kan kuɗin da aka soke da jan layi, kuma kusan duka sun fi na Oktoba tsada. Kantin yana cike da masu sayayyar Kirsimeti. Suka tsaya cak, suka fara karɓar takardun mai suna dubawa da kansu. Wani dattijo mai babbar riga da ya loda shinkafa buhu biyu ya karanta, ya tura kekensa gefe a hankali, ya fita yana girgiza kai. Wayoyi kuwa sun tashi sama ta ko'ina.

Wilfred ya iso gaban Malama gumi na tsattsafo masa duk da sanyin na'ura. Ya ce takardun nan ba nasu ba ne, kowa na iya buga irinsu a shagon kwamfuta. Zipora ce ta amsa masa daga bayan layi, da daronta a hammata.

"Haba oga. Kwali uku ka kawo mini da motanka. Biyu yana nan ban buɗe ba, da sunanka a jiki. In je in ɗauko?"

Dariyar da aka yi har masu karɓar kuɗi sai da suka rufe baki da hannu. Wilfred ya shige ofis da waya a kunne, ana hango shi ta gilashi yana bayani da hannu ɗaya. Malama ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Da ya fito ya ce babban ofis ya yarda a yi wa zumunta farashi na musamman, sai ta ce masa ba ragi suka zo roƙo ba, kuma ba su kaɗai aka yi wa ƙarya ba. Za su ci gaba da karatu har sai ƙyallen da ke waje ya sauko. Ba a yi rabin awa ba aka jingina tsani, ma'aikata biyu suka hau suka kwance jan ƙyallen, ya zubo ƙasa a gaban jama'a. Mata suka rangaɗa guɗa har sai da motoci suka tsaya a titi.

A wajen ajiye motoci Jacinta ta lallaɓo ta same ta ita kaɗai, idonta ya yi ja, ta durƙusa ta ce Mama ta yi haƙuri, sharrin baki ne. Tausayinta ya kama Malama, don har yanzu tana ganin yarinyar nan mai guntun fensir. Amma ta tuna Edna tana kuka a waya.

"Tashi, 'yata," in ji ta. "Ban riƙe ki a zuciya ba. Sai dai maganar nan ba a gefen mota kika yi ta ba, kuma ta riga ta kai Zonkwa. Ba a gefen mota za ki janye ta ba."

Ranar Lahadi coci ta cika maƙil, har a tagogi. Da aka zo lokacin sanarwa, bayan an karanta na ƙungiyar mawaƙa da na amare, Jacinta ta fito gaba ba takarda a hannu. Ba ta tauna magana ba. Ta ce ta shafa wa Malama Magdalene Didam kashin kaji a gaban zumunta, ta ce tana cin la'ada, kuma ƙarya ne. Ta ce matar nan ba ta taɓa cin kwabon kowa ba, duk wanda ya ɗauki maganar ya kai wani gari ya taimaka ya mayar da wannan ma. Shugabar zumunta ta miƙe daga inda take ta ce ba Jacinta kaɗai ba, su ma da suka yi shiru suna da nasu laifin, kuma suna roƙon Malama ta karɓi aikinta.

Malama tana zaune, hannuwa a cinya. Ta ji daɗi, daɗi sosai, kuma ba ta ga dalilin ɓoyewa ba. Fasto ya tambaya ko tana da abin faɗa. Ta miƙe a hankali, ta juya ta fuskanci ikilisiya.

"Na yafe, Ubangiji ya yafe mana duka," ta ce. "Amare bakwai suna jira, kuma an ɓata mana sati biyu. Ina neman mata huɗu masu ƙarfin ɗaukar kaya, gobe ƙarfe bakwai a bakin kasuwa."

Huɗu ta nema. Ɓangaren mata gaba ɗaya ya miƙe tsaye.